Saura Mutum Ɗaya

Ni mutum ne da ban iya zama wuri ɗaya ba. Innata, Allah ya ji ƙanta, cewa take yi tun ina ciki na ishe ta da shure-shure, wai da na ga ƙofa a buɗe da tun a wata na bakwai na fito na kama hanya. Ko tuwo aka kawo mini, rabi a zaune nake ci, rabi a tsaye. In ana ruwa aka ce a dakata ya ɗauke, sai in ji kamar ana tsira mini allura a tafin ƙafa. Shi ya sa da na girma ban tsaya gona ba, na bar wa 'yan'uwana fartanya a Kurfi na bi mota, har Allah ya sa na zama direba.

Wanda nake ja wa mota wani farar fata ne mai sayen gyaɗa, yana da kanti da sikeli a Dutsin-Ma. Mutanenmu Kwara suke ce masa, sunan da ake kiran fararen Larabawa 'yan kasuwa, don a wurinmu duk farin da ke ciniki Kwara ne, amma shi ɗan ƙasar Girka ne, kuma yana jin haushi in an haɗa shi da su. Gajere ne mai ƙiba, ga gashin baki, ga faɗa kamar ya ari baki. Ba mata, ba ɗa. Ya daɗe a ƙasarmu har ya iya Hausa kamar jakin Kano, yana shan fura da ludayi, yana zagi da karin harshen Katsinawa. Ni Maigida nake ce masa, shi kuma bai taɓa kirana da komai ba sai Direba. Shekara goma sha ɗaya muka yi tare, ban tuna ranar da muka wuni ba mu yi cacar baki ba.

Abin faɗan kuwa ɗaya ne kullum. Da kaka mukan zaga ƙauyuka ɗaukar buhuna, Karofi, Wurma, Rawayau, duk inda hanya ta yarda. In akwai sarari a bodi mutane sukan hau, mai zuwa kasuwa, mai zuwa gaisuwa, mai akuya, mai tukwane. To ni ƙa'idata, duk wanda ya hau motata ba na tashi in bar shi a hanya. Da mamaki ko? Mutumin da ba ya iya jiran tuwo ya huce, ga shi yana jiran tsohuwa ta gama gaisawa da 'yan garinsu. A wurin babana na gada. Shi falke ne, da jakuna ya yi fatauci, kuma yakan ce madugu ba ya cewa a tashi sai ya ƙidaya kawuna. Wanda ya bar mutum a zango, in ji shi, ko ya kai kayansa lafiya tafiyarsa ba ta yi kyau ba. Saboda haka nakan jira, ina tsaki, ina zagaya motar, ina harbin taya, amma ina jira.

Ina da yadda nake yi da odar mota, wato hon. Oda ta farko, ma'anarta ku fara sallama. Ta biyu, ku ɗauko kayanku. Ta uku, sai in sa giya in ja motar kamar taku ashirin in tsaya, don mai nawa ya tsorata ya sheƙo da gudu. Duk direban da na sani haka yake yi, kuma duk wanda ya taɓa hawa mota a ƙasarmu ya san jan nan na farko barazana ce kawai.

Maigida kuwa yana gefena, ido a kan agogo, yana tafasa.

"Direba, mu tafi!"

"Saura mutum ɗaya, Maigida."

"Kullum saura mutum ɗaya! Ina yake?"

"Yana sallah." Wata rana in ce ya zaga, wata rana in ce akuyarsa ta tsinke.

Sai ya cire malafarsa ya bugi gwiwa da ita. "A ƙasarmu," in ji shi, "jirgin ruwa, ko uwar kyaftin ce ta makara, ba ya jira." Ya ce shi a tsibiri aka haife shi, wata 'yar mitsitsiyar ƙasa da ruwa ya kewaye, irinta da yawa a warwatse cikin teku, kuma jirgi ne motarsu, yana bin su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda muke bin ƙauyuka. Ni kuwa na ɗauki maganar cika-baki ce irin ta baƙo, wanda komai na garinsu ya fi na kowa. Nakan ce, "To Allah ya shirya kyaftin ɗin nan, tun da bai san darajar uwa ba."

Bayan samun mulkin kai da 'yan shekaru, wata rana da hantsi yana tsaye gaban sikeli yana faɗa da wani mai gyaɗa a kan tsakuwa, sai ya yanke jiki ya faɗi. Ni na kai shi asibiti a Kano. Da aka sallame shi ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannu da ƙafa, baki ya karkace. Mutumin da ake jin muryarsa tun daga bakin kasuwa, ga shi kalma ɗaya sai ya yi gumi kafin ta fito, in ta fito ma ba mai gane ta sai ni, ni ma sai na haɗa da kallon idonsa. Wata biyar ni ke yi masa wanka, ni ke ba shi abinci, ni ke goya shi zuwa bayan gida. Likita ya ce in yana da inda yake so ya ƙare kwanakinsa, to a hanzarta. Yayarsa da ke can tsibirinsu ta aiko da wasiƙa a kawo mata shi. Da wani ɗan ƙasarsu ya zo daga Kano ya tambaye shi wa zai raka shi, sai ya ɗaga hannun hagu ya nuna ni.

Ba zan ɓoye ba, murna na yi. Tausayinsa yana nan, amma ƙafata ta riga ta fara ƙaiƙayi. Na je Kurfi yin sallama, Inna ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai da in gulbi ya kawo sai 'yan fito sun ɗora ka bisa gora kana salati, kai ne za ka hau teku?"

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Ta ce, "Mutumin nan amana ne. Ba a aje amana bakin hanya. Ka kai shi har ƙofar gidansu, ka miƙa shi hannu da hannu, sannan ka juyo."

Labarin fasfo da allurar rigakafi da jirgin sama ba shi ne a gabana ba. Abin da ya kamata a sani shi ne, a babban birninsu wani danginsa ya tarbe mu, muka kwana biyu a gidansa, ran na uku da sassafe ya kai mu tashar jiragen ruwa. Ya danƙa mini tikiti biyu, da wata takarda da ya rubuta sunan Maigida da na yayarsa da na tsibirin, da rubutunsu mai kama da ƙugiyoyi. Sannan ya ɗaga yatsu huɗu a gaban idona. Da ɗan Turancina na kanti na gane: jirgin zai yi ta tsayawa, tsayawa ta huɗu ita ce tamu. Na haɗa takardun da kwalbar maganin Maigida na zura a aljihun 'yar ciki, na maƙale da fil.

Na goya shi muka hau. Wai, wai, wai! Na zaci zan tarar da Turawa zaune a jere kowa da jarida. Ina! Ashe kasuwar Kurfi ce aka ɗauko aka ɗora a kan ruwa. Ga tsofaffin mata da baƙaƙen kaya zaune a kan ƙunshi, ga kaji an ɗaure musu ƙafa, ga akuya, ga kwanduna, ga buhunan siminti, ga sojoji 'yan hutu kwance sun yi matashi da jakunkunansu, kowa yana magana da ƙarfi ba mai sauraron wani. Kafin in gama kwantar da Maigida a kujerar tamfol, wata tsohuwa ta miƙo mini gutsuren burodi da cuku, ta tsaya a kaina sai da na ci. Na ce a raina, ai waɗannan mutanenmu ne, fata ce kawai ta bambanta. Wannan sakin jikin da na yi shi ya cuce ni.

Da muka fita tsakiyar ruwa cikina ya juya. Na yi amai har sau uku a gefen jirgi, wani soja yana riƙe da wuyan rigata kada in bi aman. Maigida yana kallona, ɓarin bakinsa mai lafiya ya ɗan motsa, na san dariya yake yi mini. Shi kuwa tun da ya shaƙi iskar nan fuskarsa ta sake, ya kafa wa ruwa ido ba ya ko ƙiftawa.

Da aman ya lafa sai zama ya ishe ni. A mota ni ke da sitiyari, in na ƙosa in taka. Nan kuwa an ɗauke ni kamar buhun gyaɗa, ban san wa ke tuƙi ba, ban ga hanya ba, gaba ruwa baya ruwa. Na je hancin jirgi na dawo, na je gindinsa na dawo, na ƙidaya kaji, na sake komawa.

Da rana tsaka muka iso tsibirin farko. Duwatsu ne irin namu na Dutsin-Ma, ba itace, sai fararen ɗakuna manne a jikinsu. Jirgin bai matsa gaɓa ba, ƙananan kwale-kwale ne suka zo suka kewaye shi, aka yi ta sauke siminti da mutane, aka daɗe ana abu ɗaya. Na sa a raina cewa haka ake daɗewa a kowane zango.

Azahar ta yi ban yi ba. Ƙasan jirgin duk amai ne da kashin kaji, ga shi sai juyi yake, in na daidaita gabas kafin in ɗaga hannu rana ta canza wuri. La'asar na shiga muka iso tsibiri na biyu. Shi wannan yana da gada ta kankare da ta shigo cikin ruwa, jirgi ya jingina da ita, aka shimfiɗa katako mutane suka fara sauka. Ƙasa! Ƙasa mai tsayawa wuri ɗaya! Na hango famfo a gindin wani sito. Na ɗauki butata na sunkuya na ce, "Maigida, bari in yi sallah, yanzu zan dawo."

Sai ya cafke hannun rigata da hagunsa. Yana ta ƙoƙarin magana, jijiyar wuyansa ta tashi, ba abin da ke fita sai gurnani. Ni da nake taƙamar na fi kowa gane shi, ran nan gaggawa ta toshe mini kunne. Na ce ƙishirwa ce, na ba shi ruwa, ya kau da kai. Na ce sanyi ne, na ja masa bargo. Na ɓamɓare yatsunsa ɗaya-ɗaya daga rigata. Na cire hulata na aje a kan bencin da nake zaune, don kowa ya san wurin da mai shi. A bakin katako na sami ma'aikacin da ke duba tikiti, na nuna masa buta, na nuna famfo, na nuna Maigida, na ce da Hausa, "Minti biyar, ɗan'uwa." Ya faɗi wani abu da sauri, ban tsaya ba. A wurina magana ta ƙare, tun da na gaya wa masu mota.

Ina cikin alwala jirgi ya yi kuka, wata irin oda mai kaɗa hanji. Na ce ta farko ke nan. Na shimfiɗa mayafina a bayan siton na ta da Azahar, raka'a biyu ta matafiyi. Ina tahiya ya sake yi. Na ce ta biyu, na miƙe na kawo La'asar. Ta uku ta same ni a sujada, kuma wallahi ko gezau ban yi ba. Ni fa direba ne, na san abin da ke biyo bayan ta uku. Na sallame, har na tsaya na yi 'yar addu'a, na naɗe mayafi, na zagayo.

Tsakanin jirgin da gada akwai ruwa kamar faɗin ɗaki. Ban yi gudu ba. Abin da har yau in na tuna nake jin kamar in mari kaina ke nan: tafiya nake a hankali, ina ɗaga buta sama, ina murmushi irin na wanda ya gane barazana. Faɗin ɗaki ya zama faɗin gida. Ya zama faɗin gona. Sai na ga hayaƙi ya tashi baƙi ƙirin, hancin jirgin ya juya ya fuskanci teku.

Nan na zura da gudu har ƙarshen gada ina ihu.

"Saura mutum ɗaya! Kai! Saura mutum ɗaya!"

Da Hausa, a ƙasar Girka, ina yi wa teku. Masunta suka aje tarunsu suna kallona. Na dafa ƙirji don numfashi, sai hannuna ya ji tudun aljihu. Tikiti biyu, takarda mai sunansa da sunan garinsu, kwalbar magani, duk suna jikina. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mutumin da ba ya tafiya, ba ya magana, ba ya iya zuwa bayan gida shi kaɗai, na bar shi a kan ruwa ba ko alamar da za a san shi wane ne. In ba a sauke shi a zango na huɗu ba, gaba jirgin zai yi da shi, Allah kaɗai ya san ina.

Wanda ya ɗaga ni daga inda na durƙushe wani mai gidan gahawa ne a bakin tashar, dogo mai furfura. Ya gwada ni da yarensu, shiru. Da ya ga buta da mayafi sai ya yi mini sallama da Larabci. Ashe ya yi shekaru a Masar. Larabcina na allo ne, nasa na kasuwa, amma da shi da ɗan Turanci da nuni muka fahimci juna. Ya karanta takardar ya dafe kai. Ya ja ni ofishin mai kula da tasha, aka buga wayar tangaraho, irin ta rubutu, zuwa tsibirin Maigida. Na tambaya yaushe wani jirgin zai zo. Ya ce jibi. Jibi! Na ce babu mota? Sai da maganar ta fita na ji wautarta.

Jibin ma bai tabbata ba. Washegari iska ta taso daga arewa, irin wadda ke tsayar da jiragensu a wannan lokaci na shekara. Ba hadari, ba ruwan sama, sama tas, rana fes, amma teku ta yi fari fat da kumfa tana dukan gada. Mai gahawa ya ce in ta fara haka sai ta ga dama. Amsar waya kuma ba ta zo ba. Kullum sau biyar, sau shida nake leƙa ofishin nan, har mutumin ya koma in ya hango ni sai ya ware hannuwa tun daga nesa.

Kwana huɗu na yi a tsibirin nan, kuma ban taɓa shiga kurkuku irinsa ba. A gida in raina ya ɓaci hanya nake kamawa, ko da mota ko da ƙafa, har ya huce. Nan kuwa duk hanyar da na bi ruwa take kai ni. Na bi ta gabas, ruwa. Na hau dutse ta hanyar alfadarai na gangara ɗaya ɓarin, ruwa. Ran na biyu na zagaye tsibirin kaf kafin La'asar, takalmina ya tsinke, na dawo inda na fara. Mata suna zaune a ƙofar gidajensu suna saƙa, in na wuce karo na uku sai su girgiza kai. Wata ta tare ni ta cusa mini ɓaure a hannu, na yi godiya, na riƙe shi har ya dame ban ci ba.

Na sami wani masunci mai kwale-kwale mai inji, na cire agogona, wanda Maigida ya ba ni don wai in koyi lokaci, na miƙa masa na nuna teku. Ya dubi ruwa, ya dube ni, ya taɓa gefen kansa da yatsa. Nan fa zuciya ta ɗebe ni. Na wanke shi tas da Hausa, na ce masa ragon banza, matsoraci, 'yan fiton gulbinmu da gora kaɗai sun fi shi zuciya. Ya tsaya yana saurare har na gama, sannan ya koma ɗinkin tarunsa. Daga baya kunya ta kama ni. Shi ya san ruwansa, ni ne ban san komai ba nake yi wa mutane tsawa a garinsu.

Abin da ya fi ci mini rai kwalbar nan ce. Ƙwaya ɗaya da safe, ɗaya da yamma, haka likita ya ce, kada a tsallake. Lokacin na yi sai in ji ta tana kaɗawa a aljihuna. In ce yanzu wa ya juya shi? Wa ya san ba ya iya haɗiye burodi sai an jiƙa? Ko yana can kwance cikin fitsari mutane na tsallake shi? Sai in tuna yatsunsa da na ɓamɓare. Gargaɗi yake yi mini. Shekara goma sha ɗaya yana faɗa mini da baki ban ji ba, ya faɗa da hannu ban ji ba. Sallah ba ta da laifi, tun muna makarantar allo a Rawayau malam ya gaya mana wanda ke cikin jirgi yana yin ta yadda ta samu. Ni ne na ƙosa da zama, na sami dalili mai kyau na sauka. Kuma in na koma Kurfi Inna ta tambaye ni hannun wa na miƙa shi, me zan ce mata?

Ran na biyar da hantsi iska ta kwanta, jirgi ya zo. Mai gahawa ya raka ni har bakin katako, ya yi wa mai duba tikiti bayani, ya cusa mini ƙunshin burodi da zaitun. A tsibiri na uku ko miƙewa ban yi ba, na rungume ƙarfen benci kamar za a ƙwace mini shi. Azahar a zaune na yi ta.

Tun daga nesa na fara laluben gaɓar tsibiri na huɗu da ido. Ban ma san abin da nake nema ba. In alamar makoki ce, to matan nan duk baƙi suke sawa. Gari ne ƙarami a bakin ruwa, sannan can sama a kan dutse wani farin ƙauye. A gindin gada akwai itace guda ɗaya, a inuwarsa an aje kujera, a kan kujerar mutum lulluɓe da bargo. Da muka matso na ga abin da ke kansa. Hulata ce.

Ban san yadda na sauka ba. Kafin in isa gare shi wata tsohuwa ta tare ni, gajera mai ƙiba, fuskar Maigida sak in ka cire gashin baki. Ta rufe ni da faɗa, tana dukan ƙirjina da hannu biyu tana kuka, na tsaya na bar ta, don na cancanci fiye da haka. Wani malamin makaranta mai jin Turanci ya shiga tsakani, shi ya ba ni labari.

Tsohuwar nan yayar Maigida ce. Tun sati guda kafin zuwanmu duk jirgin da ya tsaya sai ta hau tana kiran sunansa, don ba ta san ranar ba. Haka ta same shi, tsohuwar nan mai burodi tana zaune kusa da shi tana kore masa ƙuda. Aka sauko da shi, hulata a hannunsa. An tanadi alfadarin da zai hau da shi ƙauyen can na sama, gidan da aka haife shi, wanda rabonsa da shi shekara talatin. Da aka zo ɗora shi sai ya riƙe ƙarfen da ake ɗaure jirgi da hannunsa mai lafiya, ya ƙi saki. Maza biyu suka ja, ya yi ta gurnani har suka ji tsoro kada ciwon ya sake buge shi. Wayarmu ta iso, aka karanta masa cewa ina nan lafiya zan biyo jirgi na gaba, aka ce to yanzu sai a tafi gida, in na zo a hau da ni. Ya ƙi. Cikin wannan rigima ba wanda ya tuna ya amsa wayar. Likitan garin ya ba shi magani, aka riƙa kwantar da shi a bayan wani kanti, gari na wayewa a fito da shi gindin itacen nan, cikin iskar nan.

"Kwana huɗu," in ji malamin, "magana ɗaya yake ta maimaitawa. Ba yarenmu ba ne. Yayarsa ta zaci hankalinsa ne ya taɓu."

Na durƙusa a gabansa. Ya rame, leɓensa ya tsage. Ya daɗe yana kallona da idon nan nasa na faɗa. Sannan ya juya wajen yayarsa, ya tattara ƙarfinsa, jijiyar wuya ta tashi, ya nuna ni da yatsa kamar mai cewa ga abin da nake ta gaya muku, ya fitar da ita kalma-kalma.

"Saura... mutum... ɗaya."

Na kifa kaina a gwiwarsa na yi kuka a gaban mutanen gari, ban ji kunyar kowa ba. Da na iya magana na ce, "Mun cika, Maigida."

Ya cire hular ya ɗora mini a karkace. Ya ce, "Direba." Sauran bai fita ba, amma wannan karon na ji: mu tafi yake nufi.

Na ce a mai da alfadari. Na goya shi muka kama hawan dutse, yayarsa a gaba tana ta faɗa, mutane a baya ɗauke da kujera da akwati. Hanyar matattakala ce ta duwatsu, na tsaya hutawa ya fi sau goma. A ƙofar gida na sauke shi, na kama hannunsa na hagu na sa a cikin na yayarsa, na riƙe su tare har sai da ta daina faɗa ta dube ni.

Da na koma Kurfi Inna tana sheƙar gero, ko sannu da zuwa ba ta gama ba ta ce, "Ka miƙa shi?" Na ce na miƙa. Sauran labarin sai bayan shekaru na iya gaya mata.

Maigida kuwa bai cika sati uku a tsibirin ba ya rasu, ina wurin. Kwanakin da Allah ya rage masa a ƙasarsu ke nan, bayan shekara talatin yana ambatonta. Huɗu daga ciki a bakin tasha ya yi su, ya juya wa ƙauyensu baya, yana kallon ruwa yana jiran direbansa.